Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago Da Shugaban Hukumar NSITF Kan Masu Aikin Famfo Da Ƙurar Asbestos

Mai girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi,
Mai girma Shugaban Hukumar NSITF mai kula da asusun biyan diyya ga ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in ja hankalinku ga wani rukuni na ma'aikata da dokar diyya ta ambata a rubuce, amma har yau ba a share musu hanyar da za su bi su kai ga haƙƙinsu ba. Ina nufin masu aikin famfo, tun daga ma'aikatan hukumomin ruwa na jihohi da ke shiga rami idan babban bututu ya fashe, har zuwa maigida da yaransa da ake kira a waya su zo su gyara yoyo a tsohon gini. Waɗannan mutane suna shaƙar ƙurar asbestos a bakin aikinsu, mafi yawansu ba tare da sun taɓa jin cewa tana kisa ba, kuma cutar da take haddasawa ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da babu sauran takarda ko shaidar da za ta nuna inda mutum ya yi aiki.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, kuma abin da ya sa duniya ta rungume shi a ƙarnin da ya wuce shi ne zarensa ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ga shi da arha. Idan aka cuɗa shi da siminti sai a sami kwanon rufi mai sanyi, da silin, da bututun ruwa mai jure zama a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru. A Najeriya an kafa masana'antun irin waɗannan kaya a garuruwa kamar Ikeja da Enugu da Sapele da Kano, kuma daga shekarun 1960 zuwa na 1980, lokacin da ake ta gina gidajen ma'aikata da barikoki da makarantun kwana da asibitoci, ana shimfiɗa bututun ruwa a manyan birane, da kayan asbestos aka yi wani kaso mai yawa na aikin. Ko da a ce babu ko ƙwaya ɗaya da ke shigowa ƙasar nan a yau, wanda aka riga aka binne a ƙasa da wanda aka kafa a kan rufi yana nan, ya tsufa, ya yi gautsi, kuma mai aikin famfo ake kira idan ya fashe.

Ranku ya daɗe, ya kamata wanda ke zaune a ofis ya san yadda aikin ke gudana a zahiri. Babban bututu ya fashe a bakin titi, ruwa ya cika kwata, mutanen unguwa sun taru suna kallo. Leburori sun haƙa rami har ƙugu, an tsayar da ruwan, an kwarfe wanda ya taru, sannan mai gyara ya sauka da injin yanka mai faifai da aka jona da janareta, domin ya datse inda ya tsage a sa sabon yanki. Daga ɗora faifan a kan bututun sai farar ƙura ta turnuƙe, kuma da yake iska ba ta ratsa rami, ƙurar tsayawa take daidai hancinsa. Kafin ya gama, gira da gemu duk sun yi fari. Idan mai kula da kansa ne ƙwarai, to ya ɗaura hankici ko ya sa takunkumin asibiti, alhali babu ɗaya a cikinsu da ke tare zaren da ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba, wanda ido ma ba ya gani. Yaron da ke koyon aiki yana tsugune a bakin ramin yana miƙa kaya, kuma shi ne zai tattara ɓaraguzan da hannu. Da yamma kowa ya koma gida da kayan jikinsa, a kakkaɓe su a tsakar gida inda yara ke wasa, washegari uwargida ta wanke.

A cikin gidaje ma haka abin yake, sai dai a hankali. Ana huda silin domin a wuce da bututun tanki, ana fasa tsohon bututun masai da guduma, ana share garin a bushe da tsintsiya. Wanda ya fi duka haɗari shi ne abin da ake naɗe bututun tururi da tukunyar ruwan zafi da shi a tsofaffin masana'antu da manyan asibitoci da otal-otal, domin shi ba siminti ne ya riƙe shi ba, da hannu ma yana marmashewa, kuma duk wanda zai kai ga mahaɗar bututun sai ya fara ɓamɓare shi.

Abin da wannan ƙura ke yi wa jiki ba zance ne na shaci-faɗi ba. Zaren da ya shiga huhu ba ya narkewa, jiki kuma ba ya iya fitar da shi duka. Yana iya sa huhu ya yi tabo ya ƙandare har numfashi ya riƙa gagarar mutum, wato cutar da likitoci ke kira asbestosis. Yana haddasa sankarar huhu, da ta maƙogwaro, da ta ƙwan mace. Sannan akwai mesoteliyoma, sankarar siririyar fatar da ta lulluɓe huhu ko kayan ciki, wadda kusan duk inda aka same ta asbestos ne sanadi, kuma takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 daga ranar da aka fara shaƙar ƙurar kafin ta nuna kanta. Idan ta bayyana, yawancin masu ita ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Tun 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙar asbestos da sankarar huhu a Birtaniya, a 1960 kuma likita Christopher Wagner ya nuna alaƙarsa da mesoteliyoma a yankin haƙar shuɗin asbestos na Afirka ta Kudu. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kowane nau'insa, fari da ruwan ƙasa da shuɗi, a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sankara, kuma ƙiyasin hukumar ya nuna sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙarsa a wurin aiki. Ba a san wani ɗan ƙaramin adadi da za a ce in an tsaya a ƙasa da shi an tsira ba.

Dalilin da ya sa na ware masu aikin famfo shi ne abin da ya faru a Birtaniya, ƙasar da ke adana bayanan matattunta da sana'o'insu. An daɗe ana zaton ma'aikatan masana'antar asbestos da masu ƙera jiragen ruwa kaɗai abin ya shafa, sai daga baya aka ga gawawwakin suna fitowa daga cikin masu sana'ar hannu da ba su taɓa taka ƙofar masana'antar ba. Binciken da Farfesa Julian Peto da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa a cikin mazan Birtaniya da aka haifa a shekarun 1940, waɗanda suka yi sama da shekara 10 suna aikin famfo ko wayarin ko fenti kafin su cika shekara 30, mutum ɗaya cikin 50 zai kamu da mesoteliyoma, a cikin kafintoci kuwa ɗaya cikin 17. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta taɓa shelar cewa masu sana'ar hannu 20 ke mutuwa duk mako saboda asbestos, 4 daga cikinsu masu aikin famfo. Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, ta haramta fari a 1999, amma har yanzu kimanin mutum 5,000 take binnewa duk shekara saboda ƙurar da aka shaƙa tun kafin haramcin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin lura a binciken Peto shi ne shekarun ƙuruciya, domin a nan ƙasar yara ne ƴan shekara 14 ko 15 ke shiga koyon aikin famfo, kuma wanda ya fara shaƙa a wannan shekaru yana da isasshen lokaci a gaba da cutar za ta cim masa tun yana tsakiyar ƙarfinsa.

Ba na so wannan magana ta tayar da hankalin jama'a a inda bai kamata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sami tabbatacciyar hujjar cewa shan ruwan da ya bi ta bututun asbestos yana cutarwa ba, kuma kwanon rufin da ke zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana ga yanka da hudawa da fasawa da gogewa. Wannan ne ma ya sa maigidan da ke kwana a ƙarƙashin rufin yake cikin aminci fiye da wanda ya kira ya yi masa gyara.

Wani zai ce ai ba a ganin wannan cuta a asibitocinmu. Amsata ita ce ba a nemanta. Dattijo ya zo da tari da haki da ramewa, an ɗauki hoton ƙirji an ga ruwa ya taru a gefen huhu, a ƙasar da ke cikin waɗanda tarin fuka ya fi addaba a duniya, abin da zai fara zuwa zuciyar kowane likita shi ne tarin fuka, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai a ɗora shi a kan magani na wata shida, a zuƙe ruwan ya sake taruwa, iyali su sayar da abin da suke da shi, daga ƙarshe a koma gida a ce ciwon ya ƙi jin magani. Tabbatar da mesoteliyoma yana buƙatar hoton kwamfuta na ƙirji, da tsakuro nama daga fatar huhu, da gwaji na musamman a ɗakin bincike, waɗanda ba kowane asibiti ke da su ba, ba kuma kowane talaka ke iya biya ba. Ga shi a al'adarmu ana rufe mamaci a ranar da ya cika, ba a binciken gawa. A katin asibiti kuwa, in ma an tambayi sana'a, abin da mutum ke yi yanzu ake rubutawa. Wanda ya yi shekara 25 yana yankan bututu kafin ya koma tireda, sunansa a katin ɗan tireda.

Yanzu bari in zo kan doka, wadda ita ce hurumin ofisoshinku. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ci gaba ce ta gaske, kuma ya dace a faɗi haka. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da NSITF ke kula da shi. Ba ta buƙaci ma'aikaci ya tabbatar da sakacin ubangidansa kafin a biya shi ba. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba a rubuce ba, da na wucin gadi, da ɗan ƙwadagon yini, da mai koyon sana'a, a ɓangaren gwamnati da masu zaman kansu, har da waɗanda ba su da rajista. Jadawalinta na cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki ya ƙunshi cututtukan asbestos. Idan ma'aikaci ya rasu, ta tanadi a riƙa biyan matarsa da ƴaƴansa wani kaso na albashinsa duk wata, wanda kan kai kashi 90 cikin 100 idan ya bar mata da ƴaƴa biyu ko fiye. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba kuma yana da damar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Sai dai duk wanda ya karanta matakan neman diyyar zai ga cewa da haɗarin da ke faruwa nan take aka auna su: mutum ya faɗo daga tsani, inji ya datse masa yatsa, akwai rana, akwai shaidu, akwai ubangida a tsaye. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya daga ranar rauni ko naƙasa ko mutuwa, tare da ɗan sassauci idan akwai uzuri na musamman. To wanda cutarsa ta bayyana shekara 35 bayan ya bar aikin, wane ubangida zai sanar? Ɗan kwangilar da ya ɗauke shi ya daɗe da rasuwa, kamfanin ya rushe, babu takardar albashi domin a hannu ake biyan su duk Juma'a. Shekara ɗayan da doka ta ba shi kuwa, ga mai mesoteliyoma, kusan ita ce duk abin da ya rage masa a duniya, kuma rabinta ya tafi wajen shan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Bayan ya rasu, matarsa tana takaba, ba ta san akwai wata hukuma mai suna NSITF ba, balle ta san kwanaki suna ƙirguwa.

Akwai kuma tambayoyi biyu da nake roƙon ku amsa wa jama'a a fili. Mutanen da za su kwanta ciwo a wannan zamani, mafi yawansu sun shaƙi ƙurar ne kafin 2010, lokacin da asusun bai wanzu ba kuma babu wanda ya zuba musu ko kwabo. Shin asusun zai biya su? Sannan mai aikin famfon da yake cin gashin kansa, yau yana gidan wannan gobe yana gidan wancan, ba shi da ubangida balle a cire kashi 1 cikin 100, kuma irinsa ne suka fi yawa a sana'ar. Ina matsayinsa?

Waɗannan tambayoyi ba mu ne muka fara cin karo da su ba. A 1924 wata ma'aikaciyar saƙar asbestos mai suna Nellie Kershaw ta rasu a garin Rochdale na Ingila, ita ce aka fara rubuta labarin cutarta a mujallar likitoci, kuma kamfanin da ta yi wa aiki bai biya ta ko sisi ba, har kuɗin jana'izarta ya ƙi taimakawa. Daga nan aka shafe kusan shekara 90 ana toshe ɓarakar doka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa da cewa tun da mutum ya yi aiki a wurare da yawa, ba zai iya nuna ƙurar wane wuri ce ta kashe shi ba, saboda haka babu wanda zai biya. A 2002, a shari'ar Fairchild, kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta rushe wannan hujja, ta ce ya isa a nuna cewa ubangida ya ƙara wa ma'aikaci haɗarin kamuwa da cutar ƙwarai. Da wani hukunci na 2006 ya nemi rarraba diyyar gwargwadon kason kowane ubangida, majalisar dokoki ta gyara shi a shekarar, ta ba mai mesoteliyoma damar karɓar cikakkiyar diyya daga ko da ɗaya ne daga cikinsu. A 2008 aka buɗe wani tsari na gwamnati da ke biyan masu cin gashin kansu da matan da suka kamu ta hanyar wankin kayan mazajensu. A 2014 kuma aka kafa asusu, da kuɗin da aka ɗora wa kamfanonin inshora, domin waɗanda aka nemi ubangidansu da mai inshorarsa aka rasa. Faransa, wadda ta haramta asbestos a 1997, ta kafa asusunta na biyan diyyar asbestos mai suna FIVA a ƙarshen 2000, inda gano mesoteliyoma a jikin mutum kaɗai ke zama hujjar cewa ya shaƙi asbestos.

A ganina wannan hanya ta asusu ita ce ta dace da mu, kuma abin da ya faru da ƴan Afirka ta Kudu shi ya ƙara tabbatar mini. Masu haƙar asbestos da mazauna kusa da mahaƙan sun kai ƙarar kamfanin Cape a Landan, aka shafe shekaru ana jayayya a kan ko kotun Ingila tana da hurumin sauraron su, har sai 2000 aka ce tana da shi. A 2003 aka yi sulhu a kan fam miliyan 7.5 ga mutum kusan 7,500, wato kimanin fam 1,000 ga kowane mutum in an raba daidai, kuma da yawa daga cikin masu ƙarar sun rasu kafin kuɗin ya iso. A Amurka, inda ƙararrakin suka yi yawan da kamfanin Johns-Manville ya nemi kariyar fatara a 1982, asusun amana aka koma kafawa daga ƙarshe. Idan haka shari'a ta kasance ga masu manyan lauyoyi a bayansu, to a ce wa mai gyaran famfo a Gusau ko Potiskum ya je kotu daidai yake da a ce masa ya haƙura.

Saboda haka buƙatata ta farko, kuma wadda ta fi kowace gaggawa, ita ce a fara rubuta sunaye tun yanzu. Ya kamata NSITF, tare da sashen duba lafiya da tsaron ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago, ta buɗe rajistar waɗanda suka yi aiki da kayan asbestos, a bi ta ƙungiyoyin masu aikin famfo da hukumomin ruwa na jihohi da ƙungiyoyin ƴan fansho, a rubuta inda mutum ya yi aiki da shekarun da ya yi da irin kayan da ya yanka, abokan aikinsa biyu su shaida, a ba shi kati ya riƙe. Wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa, amma duk shekarar da aka jinkirta shi, shaidu ne ke mutuwa. Katin nan shi zai nuna wa likita ranar da ya zo da haki, shi ne kuma matarsa za ta kai ofishinku idan ta Allah ta kasance. A haɗa da wannan, a bayyana wa jama'a hukumomin ruwa nawa ne suka yi wa ma'aikatansu rajista suke kuma zuba kasonsu, tun da dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi kamar yadda ta hau kan kowane kamfani.

Bayan haka, a nemi majalisa ta gyara dokar, ko hukumar ta fitar da ƙa'ida a iyakar ikonta, ta yadda wa'adin neman diyyar cututtukan asbestos zai fara daga ranar da likita ya tabbatar da cutar ya kuma gaya wa mara lafiya ko iyalinsa, a cire sharaɗin sanar da ubangidan da babu shi, a kuma ware wani sashe na asusun domin masu cin gashin kansu da waɗanda iyayen gidansu suka ɓace da matan da suka kamu a gida. Ga mesoteliyoma, sakamakon asibiti da shaidar sana'a su wadatar, a biya cikin watanni kaɗan tun mutum yana raye. Kada kuma a bari shan taba ya zama mafakar hana diyya. Gaskiya ne binciken Irving Selikoff da abokansa a Amurka ya nuna cewa haɗuwar taba da asbestos na iya ninka haɗarin sankarar huhu kusan sau 50, kuma wajibi ne a gaya wa kowane mai aikin famfo wannan domin ya bar tabar, amma taba ba ta haddasa mesoteliyoma.

Diyya ba za ta yiwu ba idan ba a gano cutar ba, don haka akwai buƙatar ku zauna da Ma'aikatar Lafiya a ware wasu asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Maiduguri da Sakkwato da takwarorinsu na kudu, inda mai riƙe da katin rajista zai yi gwajin ƙirji a kan kuɗin asusun. A kuma ƙara tambaya ɗaya a takardar cibiyoyin tarin fuka: wane aiki ka yi a ƙuruciyarka, ka taɓa yankan bututu ko kwano ko silin na asbestos? Duk wanda gwajin majinarsa bai nuna ƙwayar tarin ba, maganin kuma bai yi masa aiki ba, ya amsa da e, a tura shi gaba.

Hana sababbin kamuwa kuwa ya fi duk waɗannan sauƙi, kuma wani ɓangarensa yana hannun mai girma Minista kai tsaye, tun da ma'aikatarsa ce ke ba da takardar shaidar gwajin sana'a. Kada a sake ba mai aikin famfo wannan takarda sai ya iya gane kayan asbestos ya kuma san yadda ake taɓa su: a jiƙa su sharkaf kafin a fara da lokacin da ake yi, a ajiye injin faifai a yi amfani da sarƙar datse bututu ko zarton hannu, in da hali a cire bututun ɗungurungum daga mahaɗa zuwa mahaɗa maimakon a yanka, a sa takunkumi mai matata na musamman wanda ya kama fuska, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma a maimakon shara, a ƙulle ɓaraguzan a leda mai kauri ninki biyu, kayan aiki kuma kada su shiga gida. A faɗi wannan a rediyo da Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri, domin masu sana'ar ba a taron bita na otal ake samun su ba. A sa shi a cikin sharuɗɗan kowace kwangilar sauya tsofaffin bututun ruwa da kowane aikin rusau, domin abin takaici ne a ga ɓaraguzan kwanon asbestos an cike ramin titi da su, motoci suna niƙa su, iskar hunturu tana kwasa.

Ƙasashe sama da 60 sun haramta asbestos gaba ɗaya, ciki har da Tarayyar Turai tun 2005 da Afirka ta Kudu tun 2008, Amurka ma ta fitar da dokar hana farin nau'in a 2024, amma Rasha da Kazakistan da Sin suna ci gaba da haƙowa suna neman kasuwa a ƙasashen da ƙofarsu ke buɗe. Najeriya na buƙatar haramci bayyananne a kan kowane nau'i da kowane kaya mai ɗauke da shi, irin wanda jami'in kwastam a Apapa zai iya riƙewa a hannu ya yi aiki da shi, tare da amincewa da yarjejeniya mai lamba 162 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 1986 domin kare masu aiki da asbestos.

Kafin duk waɗannan su tabbata, akwai abu ɗaya da mai girma Shugaban NSITF zai iya yi cikin mako guda daga takardun da ke ofishinsa. Ina roƙon ya bayyana wa ƴan ƙasa buƙatun diyya nawa ne hukumar ta karɓa a kan cututtukan asbestos tun da dokar 2010 ta fara aiki, nawa ta biya, nawa ta ƙi, da dalilin ƙin, da kuma ko akwai mai aikin famfo ko ɗaya a cikinsu.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa mai hulɗa da masu aikin gini da famfo, daga Kano.